Darasi na 7: Yadda za ka nuna wa mutanen waje kalandar aikinka

A darasin da ya wuce mun koyi yadda ake saka mitin a kalanda da yadda za ka sa ta riƙa tuna maka kafin lokaci ya yi. To yau maganar ta ɗan fita waje, wato mutumin da ba a ma'aikatarku yake ba, ko ɗan kwangila ne ko akanta da kuka ɗauko ko wasu da kuke aikin haɗin gwiwa da su, kullum sai an yi ta kai da komo a waya, "Talata ta yi maka?" "a'a ina da mitin", "to Laraba fa?", har a cinye sati guda ba a tsayar da rana ba. Maganin wannan shi ne ka ba shi dama ya leƙa kalandarka ya ga inda kake da sarari da kansa. Amma fa leƙawa iri-iri ce, kuma a nan ne yawancin mutane ke yin ɓarna.

Bari mu fara da Google Calendar tunda mutane da yawa suna amfani da ita, tun 2006 take nan. Idan za ka ƙara wani a kalandarka za ta tambaye ka wane irin izini za ka ba shi, kuma matakai huɗu ne. Na ƙasa shi ne ya ga lokacin da kake cikin aiki da lokacin da ba ka da komai kawai, zai ga daga ƙarfe 10 zuwa 11 a toshe amma bai san me kake yi ba, bai san da wa kake ba. Na biyu zai ga komai, sunan mitin, wurin da za a yi, waɗanda aka gayyata, har bayanin da ka rubuta a ciki. Na uku zai iya canzawa da gogewa. Na huɗu kuma ban da canzawa har shi ma zai iya ƙara wasu mutane, wato ka miƙa masa makullin gidan baki ɗaya.

Ga mutumin waje, na farkon nan ya ishe shi. Gaskiya da wuya ka ga dalilin da zai sa a wuce shi. Abin da yake nema ai sarari ne, ba labarin rayuwarka ba.

Ni na taɓa ƙonewa a kan wannan shi ya sa nake nanatawa. A wani wuri da na yi aiki, akwai wani ɗan kwangila da muke ta faman neman lokacin zama da shi, sai na ce bari in huta, na ƙara shi a kalandata cikin sauri ina shirin tashi, ban ma duba abin da na zaɓa ba ashe na biyun na danna. Bayan kwana biyu ya kira ni, mun gama maganar aiki sai ya ce "af, ya jikin kuma, na ga ran Alhamis za ka ga likita, Allah ya sawwaƙe". Wallahi sai da na yi shiru na ɗan lokaci. Mutumin kirki ne, da zuciya ɗaya ya faɗa, amma a ƙasan wannan ganin likitan akwai mitin da muka sa da wani kamfanin da ke neman aikin da shi ma yake nema, da sunansu ɓaro-ɓaro. Bai ce komai a kai ba, ni ma ban tambaya ba, amma na san ya gani.

To ga yadda ake yi, kuma ya fi sauƙi a kwamfuta. Ka buɗe kalandar, a gefen hagu za ka ga sunan kalandarka, ka kai linzami kansa sai ɗigo uku su fito, ka danna su ka shiga wajen saituna da rabawa. Ka gangara ƙasa inda ake ƙara mutane, ka rubuta imel ɗin mutumin a hankali (ka sake karanta shi, harafi ɗaya ya kuskure wani daban ka buɗe wa), ka zaɓi izinin, sannan ka tura. Shi kuma saƙo zai shigo masa, sai ya danna link ɗin da ke ciki kafin kalandar ta bayyana a wajensa. Idan ya ce bai ga komai ba ka ce ya duba cikin saƙonnin shara, sau da yawa can yake faɗawa.

Wani lokaci za ka je zaɓen izini sai ka tarar wasu sun dusashe ba sa dannuwa. Ba kwamfutarka ce ta lalace ba. Idan akawun ɗin na ma'aikata ne, akwai mai kula da shi, wanda ake ce wa admin, shi ne ke yanke iya abin da za a iya nuna wa na waje, kuma wurare da yawa suna barin shi a kan matakin farko ne kawai. Kada ka yi dabarar kwashe mitin ɗin ofis ka zuba a akawun ɗinka na kanka don ka kauce wa wannan, in ta tashi kai za a kama. Ka je ka same shi ka faɗa masa abin da kake so da dalili.

Masu amfani da Outlook, wato manhajar imel da kalanda ta Microsoft, su ma kusan haka ne, zaɓin dai ko a ga lokacin da kake cikin aiki, ko a ga sunan mitin da wuri, ko a ga duka. Akwai kuma wallafa kalanda, in ka yi zai ba ka link biyu, ɗaya na HTML wanda ake buɗewa a burauza a duba kawai, ɗaya na ICS wanda mutum zai saka a tasa kalandar. Wannan ICS ɗin tsohon tsari ne tun 1998, shi ya sa mai Google da mai Outlook da mai iPhone duk suke iya karanta kalandar juna.

Sai dai link ba ya tambayar waye kai. Duk wanda ya same shi ya shiga, in mutumin ya tura wa abokinsa ko ya jefa shi a gurup shi kenan, ba ka san ido nawa ke kanka ba. Google ma tana da wani da ake kira adireshin sirri, wannan duk bayanai yake nunawa, don amfanin kanka aka yi shi, kada ka ba kowa. In ka riga ka bayar akwai maɓallin sake saita shi, da ka danna tsohon ya mutu. Haka kuma akwai akwatin da ke mayar da kalanda ta kowa da kowa, in ka sa masa alama mitin ɗinka na iya fitowa har a binciken Google, to ka kiyaye shi.

Wata matsala ta link kuma ita ce jinkiri. Ka ɗaga mitin daga safe zuwa yamma, a wajenka ya canza nan take amma a wajen wanda ya saka link ɗin yana iya ɗaukar awanni, wani lokaci har yini guda, sai mutum ya zo a tsohon lokaci ya zauna yana jiranka. Saboda haka in canjin na yau ne ko gobe, ka kira shi ko ka tura saƙo. Kuma ka tabbatar saka link ɗin ya yi, ba sauke fayil ɗin ya zuba ba, don wanda aka zuba kamar hoto ne, yadda aka ɗauke shi haka zai zauna ba ya ƙara canzawa.

Idan kuma aikin yana buƙatar na waje su ga cikakken bayani, misali ranakun kawo kaya da ranakun duba aiki, hanyar da na fi so ita ce ka buɗe sabuwar kalanda daban ka sa mata sunan aikin, abin da ya shafe su kaɗai za ka zuba, ita za ka raba musu, taka ta ainihi ta zauna a rufe. Minti biyu ne. In suna wata ƙasa mai bambancin agogo kada ka wahalar da kanka da lissafi, kalandar za ta nuna wa kowa da lokacinsa muddin saitin agogonsa daidai ne.

Ranar da aikin ya ƙare ka koma ka cire sunayensu. Izinin nan ba ya mutuwa da kansa, akwai masu ganin kalandar mutane shekara da shekaru bayan an rabu.

Aikin gida: ka nemi wani a ajin nan, ka ƙara shi a kalandarka da matakin farko, ka saka mitin na ƙarya ranar Litinin ƙarfe 9 mai suna "gwaji", sannan ka karɓi wayarsa ka duba da idonka me yake gani. In ka ga kalmar "gwaji" a wajensa to izinin da ka zaɓa ba shi ba ne, ka koma ka gyara. In kun gama ka cire shi, shi ma ya cire ka, ku zo mana da abin da kuka gani a zama na gaba.