Yadda Ake Ziyartar Vienna, Birnin Kiɗa da Zane a Bakin Kogin Danube

Wanda zai je Vienna, babban birnin Ostiriya, ya fara da zaɓar daren da zai saurari kiɗa, sannan ya gina sauran tafiyar a kansa. Gine-ginen suna nan kullum, amma kiɗan da ya sa Mozart da Beethoven da Brahms suka tare a garin yana da lokacinsa.

Da farko, zaɓi wata. Babban gidan opera (wasan kwaikwayo da ake rerawa da kiɗa) na ƙasa, Staatsoper, wanda aka buɗe a 1869, yana wasa kusan kowane dare daga Satumba zuwa Yuni, ya huta a Yuli da Agusta. In sai a waɗannan watanni biyu za ka samu zuwa, akwai madadi: a filin Rathausplatz ana kafa ƙaton majigi ana haska wasannin opera da na makaɗa kyauta. Disamba akwai armashi, sai dai sanyi ba wasa, rana kuma tana faɗuwa wajen ƙarfe 4 na yamma.

Na biyu, takardu. Ostiriya tana cikin yankin Schengen, bizar ziyara kuma ba ta wuce kwana 90 a cikin 180. Za a nemi inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, da shaidar masauki, da tikitin dawowa. Nemi ranar ganawar biza da wuri. Kuɗin ƙasar yuro ne, harshenta Jamusanci.

Na uku, shiga gari. Daga filin jirgin Schwechat, jirgin ƙasa na Railjet yana kai ka babbar tasha cikin minti 15. Filin jirgin yana wajen iyakar birni, don haka tikitin cikin gari kaɗai ba zai ishe ka ba. Da ka sauka, sayi tikitin yini ko na mako wanda ya haɗa jirgin ƙarƙashin ƙasa da taragu (jirgin da ke bin dogo a kan titi) da bas. Tashoshin ba su da shinge, kowa wucewa yake yi, amma masu duba tikiti suna shigowa cikin kayan gida, tarar kuwa ta haura yuro 100. In tikitin takarda ne mai buƙatar hatimi, buga shi a ɗan akwatin da ke bakin shiga.

Na huɗu, yinin farko a ƙafa. Fara daga majami'ar Stephansdom da ke tsakiyar tsohon gari, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2001. Hasumiyarta ta kudu tana da tsawon mita 136, mai ƙarfin gwiwa zai taka matakala 343 ya hangi birnin. A bayanta, a titin Domgasse mai lamba 5, akwai gidan da Mozart ya zauna daga 1784 zuwa 1787. In ƙafa ta gaji, hau taragu mai lamba 1 ko D a kan Ringstrasse, titin da Sarki Franz Joseph ya buɗe a 1865 inda ganuwar garin take a da.

A dandalin majami'ar za ka ga samari sanye da jajayen riguna da farin gashin roba irin na zamanin Mozart suna tallan tikiti. Wasanninsu na 'yan yawon buɗe ido ne, ga tsada. Gaishe su ka wuce.

Na biyar, daren kiɗa. Nan ne ya kamata ka ba da hankalinka. Kujera mai kyau a Staatsoper tana iya cin sama da yuro 200, amma akwai tikitin tsayuwa da bai kai yuro 20 ba, ana sayar da shi ranar wasan, a intanet ko a tagar da ke gefen ginin. Wurin tsayuwa na ƙasa yana fuskantar dandamali sosai, ya fi wasu kujerun gefe kyan kallo. A da, al'adar masu tsayuwa ita ce mutum ya ɗaura gyale ko mayafi a jikin ƙarfen da ke gabansa, kowa ya san wurin yana da mai shi. Akwai ɗan allo da ke nuna fassarar abin da ake rerawa. Sa takalmi mai laushi, domin wasu wasannin suna kai awa huɗu, kuma in ka makara ba za a bar ka ka shiga ba sai an tafi hutu. A wasan makaɗa zalla, kamar a zauren zinare na Musikverein da aka buɗe a 1870, ba a tafi tsakanin sassan kiɗa ɗaya. Jira sai jagoran ya sauke hannu ya juyo.

Na shida, gidan zane ɗaya a yini. Fiye da haka ido ya gaji. A Kunsthistorisches, wanda aka buɗe a 1891, nufi ɗakin Bruegel kai tsaye, domin babu inda ya kai nan tarin zanensa a duniya. Tsaya gaban zanen Hasumiyar Babila ka matsa kusa: ga magina, ga masu sassaƙa dutse sun durƙusa gaban sarki, ga jiragen ruwa a tasha. Washegari ka je fadar Belvedere don zanen Klimt mai ruwan zinare, ka sayi tikiti mai lokaci tun a intanet. 'Yan ƙasa da shekara 19 suna shiga gidajen tarihi na tarayya kyauta.

Na bakwai, ci da sha. Asalin Wiener Schnitzel, soyayyen naman da garin ya yi suna da shi, naman maraƙi ne, amma ana yin na alade. In ka ga “Schwein” a jerin abinci, shi ne. Kasuwar Brunnenmarkt cike take da shagunan halal. Ruwan famfo daga duwatsun Alps ake janyo shi tun 1873, sha abinka. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke, sai 'yan kaɗan a manyan tashoshin jirgi.

Kogin kansa ba ya ratsa tsohon gari. Ruwan da ke gefensa reshe ne, Donaukanal. Don ganin Danube sosai, hau layin jirgin ƙarƙashin ƙasa U1 ka sauka a Donauinsel, tsibiri mai tsawon kilomita 21 da aka gina don kare birnin daga ambaliya. In Juma'a ce, bi U6 zuwa tashar Neue Donau, daga nan tafiya kaɗan ce zuwa babban masallacin Vienna da aka buɗe a 1979. Je da wuri, yana cika.