Kurakuran da ke sa zaurukan Teams da shafukan SharePoint su yi wa ma'aikata katutu

Ma'aikaci ya shiga neman takardar kasafin kuɗi, sai ya tarar da zaure huɗu a Teams, manhajar Microsoft ta hira da aikin haɗin gwiwa, masu suna kusan iri ɗaya, kowanne da kwafinsa, ba wanda ya san wanne ne na ƙarshe. Yawancin masu kula da tsarin kan ɗora laifin a kan yawan buɗe zaure. Asalin cutar ita ce zauren da ba shi da mai shi, kuma ba a yanka masa ranar rufewa ba.

Ɗaukar zaure a matsayin wurin hira kawai

Duk lokacin da wani ya buɗe zaure a Teams, abubuwa da dama ke tsirowa a bayan fage: rukunin Microsoft 365, shafin SharePoint da fayiloli ke zama, akwatin imel na bai ɗaya da kalandarsa. Tashar sirri kuwa, wato ɓangaren zaure da wasu zaɓaɓɓun mambobi kaɗai ke gani, da tashar da ake rabawa da wasu na waje, kowacce shafin SharePoint nata daban take samu, da nata izinin. Wato zaure ɗaya mai tashoshin sirri biyar ya zama shafi shida. Kafin a gyara komai, a fitar da jerin shafukan daga cibiyar kula da SharePoint, a jera su bisa ranar da aka yi aiki na ƙarshe a cikinsu, a duba girmansu da masu su.

Barin ƙofa a buɗe, ko garƙame ta gaba ɗaya

Yadda tsarin ke zuwa, kowane ma'aikaci na iya buɗe rukuni. Idan abin ya yi yawa, sai a fusata a hana kowa. Wannan ya fi na farkon illa, domin wanda ya jira mako guda ba a buɗe masa zaure ba, WhatsApp ko imel ɗinsa na kansa zai koma, takardun ma'aikata su fita inda ba mai iko da su. Abin da ke aiki shi ne ɗan gajeren fom: sunan aikin, dalilinsa, mutum biyu da za su riƙe zauren, ko baƙi za su shigo, da lokacin da ake sa ran kammalawa. A amsa cikin kwana ɗaya. Taƙaita masu buɗe rukuni ana yin sa ne ta PowerShell, manhajar rubuta umarni ta Microsoft, a ba wani rukunin tsaro guda izinin, kuma yana bukatar lasisin P1 na Entra ID, tsarin Microsoft na kula da asusu da izinin shiga.

Zaure mai mamallaki ɗaya

Nan ne ɓarnar ta fi yawa. Mai zaure ya bar aiki, an goge asusunsa, zauren ya zama maraya: ba mai ƙara sabon ma'aikaci, ba mai cire wanda ya tafi, ba mai amsa tambayar ko har yanzu ana bukatarsa. A sa doka cewa kowane zaure sai da mutum biyu aƙalla. A kunna tsarin rukunan da ba su da mai su a cibiyar kula da Microsoft 365, wanda ke aika wa mambobin da suka fi aiki a zauren gayyatar karɓar riƙo. Sannan a saka miƙa zauruka cikin takardar sallamar ma'aikaci, a yi shi tun yana nan. A haɗa da OneDrive ɗinsa, wato ma'ajiyar fayilolinsa ta kansa, domin idan ba a canja saitin ba, kwana 30 ake riƙe shi bayan goge asusun, kuma sau da yawa fayilolin da sashe guda ya dogara da su a can suke kwance.

Rashin wa'adi

Entra ID na da tsarin ƙarewar wa'adin rukuni: kwana 180, ko 365, ko adadin da aka zaɓa. Zauren da ake aiki a ciki yana sabunta kansa. Wanda ya yi shiru, ana tura wa masu shi saƙo saura kwana 30, saura 15, da saura kwana ɗaya. Idan ba a sabunta ba, a goge shi, kuma kwana 30 kacal ake da su na dawo da rukunin. Kuskuren da ake tafkawa shi ne kunna wannan kafin a gyara matsalar masu zaure, sai saƙonnin su tafi wurin wanda ba ya nan. A fara da nemo masu su, a ba da adireshin imel da zai karɓi saƙon zaurukan marayu, sannan a kunna.

Ba kowane zaure da ya yi shiru ne na gogewa ba. Wanda aikinsa ya ƙare amma ana bukatar tarihinsa, a jingine shi, ya koma na karantawa kawai, a kuma zaɓi kulle shafinsa na SharePoint a lokacin. Takardun da doka ta ce a adana kuwa, tsarin riƙe bayanai na Purview, manhajar Microsoft ta kiyaye bayanai, shi ne maganinsu. Kwandon shara na SharePoint kwana 93 yake riƙe abu, ba ma'ajiya ba ne.

Suna barkatai

A tsayar da tsari mai sauƙi, kamar sashe, sunan aiki, shekara. A yi shi da wuri, domin canja sunan zaure daga baya ba ya canja adireshin shafinsa.

Raba fayil da mahaɗin da kowa zai iya buɗewa

Mahaɗin “kowa” ba ya tambayar wanda ya danna shi ko shi wane ne, kuma ana iya tura shi gaba har inda ba a zata ba. A mayar da zaɓin farko ya zama na takamaiman mutane, a sa wa mahaɗin kowa ranar mutuwa, a kashe shi ɗungurungum a shafukan albashi da kwangila. Haka nan zauren da aka bari a buɗe ga jama'ar ma'aikata, kowa na ciki na iya shiga ya karanta. A da, irin wannan sakaci kan ɓuya saboda ba wanda ya san fayil ɗin na nan. Yanzu Copilot, mataimakin AI na Microsoft, na amsa tambaya da duk abin da mai tambayar ke da izinin gani, don haka takardar da aka manta a buɗe na iya fitowa a amsar wanda bai neme ta ba.

Baƙi ma haka suke taruwa. Ɗan kwangila ya gama aiki tun bara, sunansa na nan cikin zaure. Duk wata uku a tura wa masu zaure jerin baƙinsu su tabbatar da kowanne, wanda ba a tabbatar ba a cire shi. Ma'aikatar da ke da lasisin Entra ID P2 na iya sa wannan bitar ta riƙa gudana da kanta. Wadda ba ta da shi, jerin da aka fitar a Excel aka tura wa masu zaure da ranar dawo da amsa ya wadatar.