Yadda Ake Fitar da Zinare daga Ruwan Sayanaid da Garin Tutiya

Ba zan tsaya kan yadda ake jiƙa nikakken dutse a ruwan sayanaid, gubar da ke narkar da zinare, ba, na ɗauka ruwanka ya riga ya sha zinare. Hanyar da zan bi ita ce ta Merrill-Crowe, wato a zuba garin tutiya a ruwan don ya sauke zinaren da ya narke. MacArthur da wasu 'yan uwa biyu masu suna Forrest ne suka fara amfani da tutiya a Glasgow, daga baya Merrill ya mai da ita gari, Crowe kuma ya ƙara matakin cire iska.

Da farko auna pH, wato ma'aunin tsamin ruwa. Kada ya sauka ƙasa da 10.5, a riƙe shi da laim (farar ƙasa). In ya faɗi, ruwan zai fara fitar da iskar guba mai kashe mutum cikin 'yan mintuna.

Sai tacewa. Ruwan ya fito garau, don laka na lulluɓe tutiya ta hana ta aiki.

Cire iska shi ne inda sabbin hannu suke yin asara. Suna ganin ruwa ya yi kyau sai su zuba tutiya, alhali oksijin na nan narke a ciki. To, oksijin ɗin nan shi ya taimaki sayanaid narkar da zinaren tun farko, kuma bai daina ba. Tutiya na sauke zinare, shi yana sake narkar da shi, yana kuma cinye tutiyar. Sai mutum ya yi ta ƙara gari, buhu na ƙarewa, yana zargin wanda ya sayar masa. A bi da ruwan ta tankin da famfo ke zuƙe iskar cikinsa, a kuma duba kowace mahaɗar bututu bayan tankin. 'Yar kafa ɗaya ta isa ta mayar da iskar. Famfon yana da tsada, amma a ganina wanda ba zai saya ba gara ya koma kama zinaren da gawayin ɓawon kwakwa, sai dai in azurfa ta yi yawa a dutsensa, nan kam tutiya ta fi.

Yanzu a zuba garin tutiya kaɗan-kaɗan, da ɗan naitiret na dalma don ya ƙara mata kaifi. A kula da dalmar nan, mutanen Bagega a Zamfara sun san abin da gubarta ta yi wa yara a 2010.

A tace baƙar lakar da ta kwanta, a wanke ta sosai da ruwa kafin a zuba mata asid ɗin da zai cinye ragowar tutiya, kuma a fili mai iska. A busar, a haɗa da boraks da yashin silika, a narka. Abin da zai fito zinare ne gauraye da azurfa, sai masana'antar tace zinare ta raba su.