Yadda za ka san yawan hotunan da za ka kai baje koli

Duk shekara sai na ga sabon mai hoto ya iso baje koli da kaya cikin adaidaita biyu, manya-manyan firam har sun fi ƙarfin rumfar, ranar tashi kuma ka gan shi yana mayar da su yadda ya kawo su, wasu ma gilashin ya tsage. Ni ma haka ta faru da ni karon farko, shi ya sa nake so mu yi lissafi kafin ka je wajen wankin hoto.

Fara da kuɗin da za ka kashe tukuna. Haɗa kuɗin rumfa, kuɗin mota zuwa da dawowa, abinci, da masauki in ba garinku ba ne. A ce duka ya kama naira 150,000, ribarka a kan hoto ɗaya na A4 (girman takardar fotokofi) kuma 5,000 ce, to sai ka sayar da 30 kafin kuɗinka su fita. Ninka wannan 30 ɗin ka tafi da 60, don mutanenmu ba sa son saye a teburin da ya kusa ƙarewa, gani suke saura aka bar musu.

Sai zaɓen hoto, wallahi nan ne na sha ƙasa. Na wanke hotuna daban-daban wajen 40, kowanne ƙwaya ɗaya, wai don a ga na iya aiki, ashe jama'a guda uku kawai suke so: mahayin doki da lifidi a hawan daushe, masu rini a marinar Ƙofar Mata hannuwansu sun yi shuɗi da baba, sai Dutsen Dala da yamma. Kafin la'asar ta ranar farko ukun nan sun tafi, sauran kwanakin ina zaune da hotunan furanni da gajimare ba mai ko ɗagawa. Wata hajiya sau biyu tana dawowa neman na marinar, za ta kai wa ɗanta da ke karatu a Ingila, haƙuri kawai na ba ta, har yau abin yana min ciwo. Don haka ka duba waɗanda aka fi yi maka magana a kansu a Instagram ko sitatus, ka ware uku na gaba ka wanke kowanne 10, sannan wasu goma kowanne 3, ka ga 60 ɗin ta cika.

Manyan firam kar su wuce biyar, aikinsu jawo ido ne daga nesa, wanda ya ƙyasa ya bar kafin alƙalami ka haɗa masa daga baya. Baƙon da zai hau jirgi ba zai ɗauki gilashi ba, nemo bututun kwali ka naɗe masa. Ƙananan kuwa leda mai haske da kwali a baya ya isa, ya fi araha kuma ƙurar hunturu ba za ta taɓa su ba.

Duba wurin ma, a kasuwar duniya ta Kaduna 'yan kallo da iyalai ne suka fi yawa, ƙananan hotuna ke tafiya, a Abuja ko Legas ne za ka iya ƙara A3, wato ninkin A4. Riƙe filas da hotunanka a aljihu ko za a sake wanki da dare, ka tanadi POS, kuma duk hoton da ya fita ka rubuta shi a littafi da girmansa, da shi za ka yi lissafin baɗi.