Yadda za ka riƙa tuna abokinka Kirista

Ni da wani abokina Kirista tare muka tashi a Kafanchan, bara ya rasu.

In naka abokin ya rasu, kada ka yi mamaki in ba a binne shi ranar ba, Kiristoci kan jira kwanaki har dangi su hallara. Ka je gidan makoki da 'yar shinkafa ko kuɗi. In an fara waƙoƙin coci, zauna shiru, ba sai ka bi ba.

Babban aikin sai jama'a sun watse. Ranar 25 ga Disamba na kai wa mahaifiyarsa kaza, na ce, "Mama, ya ƙarin haƙuri?" Ta zaunar da ni tana ta labarin ƙiriniyarsa. Ka ambaci sunansa, tana son ji. Kuɗin makarantar 'yarsa kuwa, mu uku muke karo-karo. Lambarsa har yau ban goge ba.