Yadda ake karanta zaɓen fid da gwani na shugaban ƙasa a Amurka kafin a yi sharhi a kansa

Mai son yin sharhi kan zaɓen fid da gwani na Amurka, a rediyo ne ko a rubuce, ya fara ajiye kanun labaran nan masu cewa wane ya lashe jiha kaza. Jam'iyya wakilai take ƙirgawa, wato daliget ɗin da za su je babban taro su tsayar da ɗan takara. A 2024 jam'iyyar Rifablikan tana da wakilai 2,429, mai neman tikiti kuma sai ya tara 1,215. Ka rubuta irin wannan adadi a saman takardarka, duk jihar da ta yi zaɓe ka ƙara wa kowane ɗan takara abin da ya samu. Kada ka ɗauke su kamar daliget ɗin Najeriya da ake zawarcinsu har daren taro, domin akasarin na Amurka ƙuri'ar jiharsu ta riga ta ɗaure su a zagayen farko na ƙuri'ar babban taron.

Daga nan sai ka nemo ƙa'idar rabo, a nan ne masu sharhi suka fi yin tuntuɓe. Dimokurat suna da ƙa'ida ɗaya a ko'ina: ana raba wakilai gwargwadon ƙuri'a, amma sai ɗan takara ya kai kashi 15 cikin ɗari. Ana auna wannan kaso sau biyu, a jiha baki ɗaya da kuma a kowace mazaɓa, don haka wanda ya tsaya a kashi 13 a jiha yana iya tsintar wakili ɗaya ko biyu a mazaɓar da yake da ƙarfi. Rifablikan kuwa kowace jiha da salonta. Daga 15 ga Maris an yarda jiha ta bai wa na ɗaya duka wakilanta. Haka Trump ya kwashe wakilan Florida 99 a ranar 15 ga Maris 2016 bai kai rabin ƙuri'un ba, John Kasich kuma ya tafi da 66 na Ohio a rana guda. Shi ya sa tazarar wakilai hamsin take da wuyar cikewa a Dimokurat, alhali a Rifablikan dare ɗaya kan share ta.

Ka tabbatar kuma zaɓen da kake magana a kansa yana ba da wakilai. A Nevada a Fabrairun 2024 an yi wa Rifablikan zaɓe biyu cikin mako guda. Nikki Haley, abokiyar takarar Trump, ta shiga na gwamnatin jiha, wanda ba ya ɗauke da wakili ko ɗaya, har zaɓin "babu ko ɗaya cikinsu" ya fi ta ƙuri'a. Trump ya shiga taron da jam'iyya ta shirya, ya kwashe wakilan.

Sai tambayar su wa aka bari su jefa ƙuri'a. Florida da New York da Pennsylvania sai masu rajistar jam'iyya. New Hampshire tana barin waɗanda ba su da jam'iyya su shiga, kuma su ne suka ɗaga Haley ta haura kashi 40 a can a Janairun 2024. Wanda ya ɗauki wannan kaso a matsayin ƙarfinta cikin 'yan jam'iyya ya yi kuskuren lissafi tun daga tushe. Tsarin taron unguwa na Iowa ma daban yake: sai mutum ya je wuri guda a ƙayyadadden lokaci da dare, cikin hunturu, abin da ke rage mahalarta zuwa 'yan a-mutun jam'iyya. Na Dimokurat a da kusan ƙato-bayan-ƙato ne, magoya bayan kowane ɗan takara su ware a kusurwa guda a ƙirga su.

Jihohin farko suna da amo fiye da nauyinsu. Mike Huckabee a 2008, Rick Santorum a 2012 da Ted Cruz a 2016 duk sun ci Iowa a Rifablikan, ba wanda ya samu tikiti a cikinsu. Joe Biden a 2020 ya zo na huɗu a Iowa, na biyar a New Hampshire, sannan ya yi kaca-kaca da abokan takararsa a Carolina ta Kudu, inda baƙar fata ke da rinjaye cikin masu zaɓen Dimokurat, bayan Jim Clyburn, fitaccen ɗan majalisar wakilai baƙar fata daga jihar, ya mara masa baya. Kafin Babbar Talata ta 3 ga Maris, ranar da jihohi da yawa suka yi zaɓe tare, Pete Buttigieg da Amy Klobuchar sun janye sun bi shi. Saboda haka bayan kowace jiha ka duba wa ya janye, ina magoya bayansa za su koma, da kuɗin da ya rage a asusun kowa, wanda ake gani a rahotannin da suke miƙa wa FEC, hukumar tarayya mai sa ido kan kuɗin yaƙin neman zaɓe.

Batun tasirin harkokin waje da zanga-zangar jami'o'i a kan zaɓen yana buƙatar hannu mai sanyi. Hanyar auna shi ita ce ƙuri'ar nuna fushi. A Michigan ranar 27 ga Fabrairu 2024, sama da mutum 100,000, kusan kashi 13, sun zaɓi "ban tsayar da kowa ba" a zaɓen Dimokurat don nuna fushi ga Biden saboda yaƙin Gaza, suka samu wakilai biyu kacal. In ka dubi wakilai, ba abin da ya girgiza. Amma Biden ya ci Michigan a babban zaɓen 2020 da tazarar kusan ƙuri'a 154,000, to wannan shi ne adadin da ya dace ka ajiye kusa da dubu ɗarin. Ka sauka zuwa sakamakon garuruwa, ka duba Dearborn mai yawan Larabawa da Musulmi da Ann Arbor mai jami'a, za ka ga inda fushin ya taru. Tantunan da ɗalibai suka kafa a Jami'ar Columbia a Afrilun 2024 sun cika talabijin, amma hoton zanga-zanga ba ya gaya maka yawan masu ƙuri'a.

Ƙuri'ar jin ra'ayi ta mutum dubu tana da kuskuren kusan maki uku sama ko ƙasa, kuma idan aka tsakuro matasa kaɗai daga cikinta kuskuren ya fi haka nesa. Tazarar maki biyu kunnen doki ce.

A daren zaɓe ka tuna agogon Najeriya da Nijar yana gaban na gabashin Amurka da awa shida a hunturunsu, biyar bayan sun sauya agogo a Maris, wato sakamako kan fara fitowa bayan ƙarfe ɗaya na dare a hunturu, ko bayan sha biyu na dare idan sun sauya agogo. Kada ka yanke hukunci da kashi goma na farko, ƙananan garuruwa kan riga manyan birane gama ƙirga. A Iowa a 2020 manhajar tattara sakamakon Dimokurat ta samu matsala, aka kwashe kwanaki ana jira. Ka jira sanarwar kamfanin dillancin labarai na AP, sannan ka sabunta lissafin wakilanka washegari, tun da rabon mazaɓu kan biyo baya.