Yadda Ake Haɗa Birin Fim Mai Hankali Ba Tare da Kwamfuta Ba

Mai son shirya fim ɗin almarar kimiyya inda mutane ke rikici da birrai masu hankali, a Gusau yake ko a Birnin Kebbi, kada ya zuba kuɗinsa a fuskar robar nan ta kanti da ake zurawa a kai gaba ɗaya. Ba ta motsi, idon jarumi yana nutsewa cikin rami, kuma kyamara na matsowa 'yan kallo za su fashe da dariya, fim ɗin yaƙi ya koma na barkwanci. Hankalin biri a ido da baki ake ganinsa. Aikin mai kwalliya shi ne ya sauya ƙirar fuskar mutum ba tare da ya rufe idonsa ko ya daskarar da bakinsa ba.

Hanya biyu duniya ta bi. A fim ɗin Planet of the Apes na 1968, John Chambers ya manna wa jarumai gutattakin roba a fuska, ɗaya a sama ɗaya a haɓa, aikin da ya sa aka ba shi lambar Oscar ta girmamawa. Daga 2011 kuma aka koma ɗaukar motsin jikin ɗan wasa, irin su Andy Serkis, kamfanin Weta na ƙasar Niyu Zilan ya ɗora masa siffar biri da kwamfuta. Ta biyun ta fi ƙarfin aljihunmu. Ta farkon kuwa hannu da haƙuri take buƙata.

A fara tsayar da irin birin. Manyan birran da ake nufi, wato cimfanzi da gwaggon biri da orangutan, ba su da wutsiya. Jan birin da ke ɓarna a gonakinmu da bika mai dogon baki wani jinsi ne daban, wanda ya ɗinka wa jaruminsa wutsiya ya fita daga labarin tun kafin a fara. Cimfanzi ya fi sauƙi domin girmansa ya kusanci na mutum, kuma ɗan ƙasa ne, akwai shi a dajin Gashaka Gumti na jihar Taraba. A buga hotunansa ta gaba da ta gefe a liƙa a bango. Abu huɗu za a kwaikwaya: tudun ƙashi a saman ido, hanci a baje, baki ya turo gaba da dogon leɓen sama, sai haɓa da ta koma baya.

Ɗaukar siffar fuskar jarumi

Kayan fuska ɗaya: aljinet leda guda mai giram 450 zuwa 500, wato garin da likitocin haƙori ke ɗaukar siffar baki da shi, bandejin filasta na ɗaurin karaya mai faɗin santimita 10, naɗi uku ko huɗu, garin filasta na masu silin kilo biyar, basilin, bokiti biyu, da ruwan sanyi. Aljinet da lateks, wato robar ruwa da za a yi fuskar birin da ita, da gam ɗin fata galibi sai an yi odarsu daga Kano ko Legas, sauran duk suna kasuwa.

Jarumi ya zauna a kujera kansa a miƙe. Idan ya kwanta, kumatu suna zubewa baya, siffar ta fito ba tasa ba. A rufe sumarsa da leda, a shafa basilin a gira da gashin ido, gemu kuma gara a aske. A yi yarjejeniya da shi kan alamar hannu da zai yi idan numfashi ya matse shi.

A kwaɓa aljinet bisa ma'aunin da ke jikin ledarsa, amma da ruwa mai sanyi sosai. Na haƙori yana kamawa cikin minti biyu zuwa uku, ruwan da ya sha rana a jarka kuwa zai sa ya sandare a cikin kwano tun ba a kai fuska ba. Mutum biyu su shafa daga goshi zuwa ƙasa, mutum na uku aikinsa ɗaya, ya sa ido a ƙofofin hanci kada su toshe. Kada a cusa bututu a hanci, hannu na iya bugunsa ya ji wa mutum ciwo. Da aljinet ya kama, a jiƙa bandejin filasta a ɗora ninki uku ko huɗu domin ya zama ƙoƙon da zai riƙe siffar. Bayan kamar minti goma jarumi ya sunkuyo, ya motsa fuskarsa, abin zai saki da kansa.

Kada a taɓa zuba filasta kai tsaye a fatar mutum. Tana ɗaukar zafi yayin da take kamawa, tana kuma riƙe gashi, tana iya ƙona fuska.

Aljinet yana tsukewa idan ya fara bushewa, a iskar hunturu ma abin ya fi sauri, don haka a toshe ramukan hancin da yumɓu a zuba filasta cikin minti goma sha biyar. Ma'auni: kilo ɗaya na gari, ruwa kimanin mililita 700. Garin ake barbaɗawa cikin ruwa, ba ruwa cikin gari ba, in ba haka ba sai gudaji. A fara da shafa siriri da buroshi don kashe kumfa, sannan a cika. Washegari ga fuskar jarumi ta filasta a hannu.

Gini, mazubi da roba

A kan wannan fuska ake gina birin da yumɓun maginan tukwane da aka tace, ko yumɓun roba na 'yan makaranta. Na tukwane ya fi araha amma yana tsagewa, sai an riƙa rufe shi da jiƙaƙƙen tsumma da leda. A raba ginin gida biyu: na sama ya ɗauki tudun gira da hanci da leɓen sama, na ƙasa ya ɗauki leɓen ƙasa da haɓa. Rabuwar nan ce ke barin muƙamuƙi ya buɗe. Kada bakin ya turo fiye da santimita uku. In ya wuce haka, motsin leɓen jarumi ba ya isa gaban robar, sai a ga baki yana lilo. Fatar ido da ƙasan ido a bar su a buɗe, kuma ramukan hancin biri su haɗu da na mutum. Gefen ginin ya sirance har ya ɓace a jikin filasta, domin kaurin gefe shi ne abin da kyamara ke fara tonawa. Ƙananan tamoji da tsinken sakace ake jansu ta saman leda siririya, sai layin ya fito da laushi.

Mazubi kuma filasta ce ake zubawa a kan ginin, kaurin santimita uku, a ƙarfafa da yankakken buhun algarara. Duk inda sabuwar filasta za ta taɓa tsohuwa a shafa ruwan sabulu mai kauri. Duk wani lungu da zai iya sarƙewa, kamar gefen hanci, a cike shi da yumɓu, in ba haka ba sassan biyu za su kulle sai an fasa. A buɗe, a wanke yumɓun, a bar mazubin ya bushe kwana biyu.

Lateks roba ce mai ruwa, fara kamar madara, mai warin amoniya, don haka a yi aikin a waje ko gaban taga. Filasta ce ke tsotse ruwanta har ta bushe, shi ya sa ba a shafa basilin a cikin mazubi: yana toshe filastar, yana kuma ruɓar da robar. A dangwala da soso, shafa biyu a gefe, biyar ko shida a tsakiya, kowace ta bushe kafin ta gaba. An san ta bushe idan farinta ya koma ruwan zuma. Kafin a ɓanɓaro a barbaɗa hoda ciki da waje, domin sabuwar roba tana manne wa kanta kuma ba ta sake rabuwa. Ramin da ke bayan bakin a cike shi da soson katifa mai laushi da aka sassaƙa da almakashi. Robar tana ɗan tsukewa, don haka a yi ginin ya fi abin da ake so girma kaɗan.

Kwana ɗaya kafin a manna, a ɗiga lateks da gam a cikin dantsen jarumi. Idan wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi, wannan jarumin ba na roba ba ne, a ba shi matsayin mutum.

Gam na fata kawai ake amfani da shi, wanda masu kwalliyar fim ke sayarwa tare da ruwan cire shi. Gam ɗin takalmi da sufa gulu ba su da wuri a fuska. A goge maiƙon fata, a fara mannawa daga karan hanci zuwa waje, gefe a ƙarshe. Fenti mai mai yana cin roba, a haɗa fentin akirilik da lateks ko da gam ɗin fatar rabi da rabi, a dangwala kala uku: ruwan ƙasa mai duhu a ƙasa, mai haske a tudu, baƙi a cikin tamoji. Baƙi zalla yana kashe fuska a kyamara. Fatar idon jarumi kuma da kwalliyar fata za a daidaita ta, ba da akirilik ba.

Gashin ƙari na masu kitso ya isa. A tsefe shi, a gauraya baƙi da ɗan ruwan ƙasa da furfura kaɗan, a kashe ƙyallinsa da hoda. Ana dasa shi daga ƙasa zuwa sama kamar yadda ake baibayar jinka, kowane layi ya rufe gindin na ƙasansa. Na jiki a ɗinka shi a riga da wando masu kama jiki, a bar ƙirji da hammata da ɗan sarari don iska.

Jiki da magana

Fuska mai kyau a kan tafiyar mutum asara ce. A ware sati biyu na atisaye, awa ɗaya kullum. Hannun biri ya fi ƙafarsa tsawo, don haka a yanke sandunan guragu na alminiyam a mayar da su ƙarin hannu na santimita 25 zuwa 35, gwargwadon tsayin jarumi, a sa roba a ƙasa, a rufe da gashi. Gwiwa a lanƙwashe, nauyi a ƙugu, wuya ya nutse cikin kafaɗa. Cimfanzi a kan gaɓoɓin yatsu yake dogara, ba tafin hannu ba. Yage baki da haƙora a waje a wurinsa alamar tsoro ce. Gwaggon biri kuma da buɗaɗɗen tafi yake dukan ƙirji, ba da dunƙule ba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne tsalle-tsalle da soshe-soshe. Shugaban birrai mai tunani natsuwa ce ke nuna shi, ya tsaya cak ya kalli mutum.

Roba tana cinye kusan rabin motsin fuska, jarumi ya ninka nasa a gaban madubi. Haruffan b da ɓ da m da f sai leɓe ya haɗu, robar kuwa ba ta haɗuwa sosai, marubuci ya gajarta jimlolin birrai ya rage irin waɗannan kalmomi, a sake ɗaukar murya a situdiyo. Mafi kyau ma a ba su maganar hannu. Tana da tushe a kimiyya, domin tun 1966 aka fara koya wa wata cimfanzi mai suna Washoe alamomin kurame a Nebada ta Amurka. Kuramen ƙasar Hausa suna da tasu maganar hannu cikakkiya, a ɗauko malami daga cikinsu a biya shi, kada a ƙirƙiri wulwula hannu marar ma'ana.

Wajen labari akwai abin da ya kamata a tsaya a kai. A Zamfara da Kebbi mutane sun rasa 'yan uwa a rikicin daji, kuma za su kalli fim ɗin da wannan ciwon. Kada a ba birrai sutura ko sanda ko malfa ko karin harshen wata ƙabila, ko da wasa. Musabbabin faɗan ya zama abin da kowane ɓangare ke da hujja a kai, kamar tafki ɗaya da ya rage a rani ko dajin da ake sarewa, kuma a kowane ɓangare a sami mai son sulhu da mai son jini.

Ranar ɗauka

Disamba da Janairu ne lokacin aiki. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, gumi yana ɗaga gam, mutum cikin rigar gashi yana iya suma. Kwalliya tana cin awa ɗaya da rabi zuwa biyu, a fara da an idar da sallar Asuba, a yi ɗauka daga takwas zuwa sha biyu, a cire kafin Azahar domin alwala. Kada jarumi ya wuce minti ashirin cikin cikakkiyar shiga ba tare da hutu a inuwa ba. Ya sha ruwan gishiri da sukari da bututun shan lemo. Jiri, amai ko rikicewar magana suka bayyana, a cire komai nan take a jiƙa masa jiki.

Manyan jarumai uku masu fuskoki masu kyau sun isa. Sauran rundunar su tsaya nesa da mita goma da fuskoki masu sauƙi, rana a bayansu, hazon hunturu ya rufa asiri. Idan aka kafe kyamara a kan ƙafarta ba motsi, mutum shida za su iya zama goma sha takwas: a ɗauke su a hagu, a tsakiya, a dama, mai editin ya haɗa. A yi cikin minti kaɗan kafin inuwa ta gusa. Haske ya zo daga gefe, a riƙe farin kwali ƙasa da fuska domin ya haska idon da tudun gira ya inuwantar.

Duwatsu irin na Kwatarkwashi da tuddan Zuru da gaɓar kogi a Argungu suna da kyau a kyamara, amma tsaro ke zaɓen wuri, kuma bakin gari ya fi tsakiyar daji. A sami izinin 'yan sanda a rubuce, a sanar da hakimi da mai unguwa da 'yan sa-kai, musamman in akwai bindigar wasa. Ayarin babura da bindigogi a bayan gari, ko na katako ne, yana iya jawo harbi. Kada kuma a hayo birin masu wasa a saka cikin taro, cizonsa ba ƙarami ba ne.

Wajen cirewa a jiƙa gefen da ruwan cire gam, a ɗaga a hankali, kada a fizga. Kowace fuska sau biyu ko uku take moruwa kafin gefenta ya lalace, don haka a zuba uku uku ga kowane babban jarumi tun kafin ranar farko. A adana su da hoda cikin kwali nesa da rana, mazubin kuma a naɗe shi da tsumma a rubuta sunan jarumin a bayansa.